Akihabara ko Nakano: ina ya kamata ka kai kuɗinka a Tokyo?

Duk wanda ya ce zai je Tokyo sayayyar kayan lantarki, sunan da za a fara ambata masa shi ne Akihabara. Unguwar ta yi suna ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da masu sayar da kayan gyaran rediyo suka kafa ƙananan rumfuna a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Wasu rumfunan suna nan har yau, sai dai katun ɗin Japan da ake kira anime da wasannin bidiyo sun mamaye manyan benaye. Shawarata ita ce ka san abin da ya kai ka tun kafin ka sauka daga jirgi, domin ba kowane kaya ne ya fi arha a can ba.

Idan sabon kaya kake nema, katafaren shagon Yodobashi Akiba da aka buɗe a 2005 yana jikin tashar jirgi, kuma ba abin da babu a ciki, daga kyamara har tukunyar dafa shinkafa. Ba a ciniki irin namu, farashi a rubuce yake. Baƙo mai fasfo yana samun rangwamen haraji na kashi 10 cikin ɗari idan sayayyarsa ta kai yen 5,000 a shago ɗaya a rana ɗaya, don haka kada ka bar fasfonka a masauki.

A nan ne nake so a tsaya a yi tunani. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Najeriya kuwa 230. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna ɗaukar kowace wuta, amma dutsen guga ko tukunyar shinkafa da aka ƙera don gidajen Japan, kana jona su a Kano ko Damagaram za su ƙone. Ka nemi sashen kayan da aka yi don ƙasashen waje, ka karanta abin da aka rubuta a jikin na'urar da idonka. Kwamfutocinsu ma madannansu na tsarin Japananci ne, wasu kyamarorin Sony na cikin gida ba su da wani yare sai Japananci, garanti kuma yawanci a cikin Japan kaɗai yake aiki. Da wannan, sayen sabuwar waya a can bai burge ni ba.

Ribar Akihabara tana wajen kayan hannu. Jafanawa suna riƙe kaya da kyau, shaguna irin su Sofmap kuma suna rubuta matsayin kowane kaya, har ɗan ƙarzanen da ke jikinsa. Amma ka kula da kwandunan da aka rubuta wa "janku": ba tabbas suna aiki, kuma ba a mayarwa. Mai gyaran waya zai ga dukiya a ciki, wanda ba sana'arsa ba ce ya wuce kawai.

Masoyin anime kuwa yana da zaɓi. Radio Kaikan, kusa da ƙofar tasha, cike yake da shagunan ƴan tsana da katuna, Super Potato kuma gidan tsofaffin wasannin Nintendo da Sega ne, sai dai masu yawon buɗe ido sun sa farashi ya hau. Ni na fi karkata ga Nakano Broadway, ginin kasuwa a unguwar Nakano, mintuna kaɗan daga Shinjuku a layin Chuo. A nan Mandarake, shagon kayan anime da littattafan zane na hannu, ya fara a 1980, kuma shagunansa da yawa suna ƙarƙashin rufi ɗaya, ba rana ba ruwa, ba hayaniya sosai. Unguwar Ikebukuro ta fi jan mata, can babban shagon kayan anime na Animate yake. Wanda tafiyarsa ta tsaya a Osaka, Den Den Town, unguwar irin waɗannan shaguna a can, ta ishe shi.

Mai tafiya da iyali ya sani cewa wasu benayen shagunan anime na manya ne zalla, da hotunan da ba su dace da yara ba. A duba alamar 18 a bakin matakala kafin a hau. Ranar Lahadi da rana ana rufe babban titin Chuo ga motoci, yawo ya fi daɗi amma cunkoso ya fi yawa. In lokacin salla ya yi, Masallacin As-Salaam yana Okachimachi, tasha ɗaya kacal daga Akihabara a layin Yamanote.