Silib da baifas: ƙashin wa ya fi zaizayewa, kuma me kowacce za ta sha?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce shekara ɗaya da rabi ke nan da aka yi miki tiyatar rage ƙiba irin ta silib, yanzu kuma likita ya ba ƙanwarki shawarar a yi mata wata irin tiyatar rage ƙibar da ake kira baifas saboda ciwon suga da ƙwannafin da ya hana ta sakat. Ke bayanki da kwankwasonki sun fara ciwo, kin je an gwada kalsiyam na jininki an ce lafiya lau. Kina son sanin wace ce a cikinku ƙashinta ya fi shiga haɗari, kuma ko magungunan da kike sha za su ishe ta ita ma.

Ƙanwarki ce za ta fi shiga haɗari. Amma ke ma ba ki tsira ba, kuma wancan gwajin da aka ce miki lafiya lau bai wanke ƙashinki ba ko kaɗan. Na daɗe ina aiki a ɗakin magani, kuma yayata uwa ɗaya uba ɗaya baifas aka yi mata, don haka maganar nan ta shafe ni har gida.

Ga bambancin aikin biyu. A silib, likita yana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi ya fitar, ya bar siririn abu mai kama da ayaba. Hanyar abinci dai tana nan yadda Allah Ya tsara ta: daga tumbi zuwa farkon ƙaramin hanji, wanda likitoci ke kira diyodinam, sannan ya wuce gaba. A baifas kuwa, wanda Dakta Edward Mason ya fara yi a jami'ar Iowa ta Amurka a 1966, ana ware 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, kimanin mililita 30, a ɗinke ta da hanji can ƙasa. Abinci sai ya tsallake sauran tumbin da diyodinam gaba ɗaya. To, a nan gizo ke saƙar, domin a wannan yankin da aka tsallake ne jiki ya fi tsotsar kalsiyam, mai gina ƙashi, da sinadarin ayon, mai gina jini.

Wani bincike da aka yi a San Francisco aka wallafa a 2015 ya auna abin kai tsaye. Kafin baifas, mutanen suna tsotse kusan kashi 33 cikin ɗari na kalsiyam ɗin da suka ci. Wata shida bayan aikin, ya faɗo zuwa kusan kashi 7, alhali an riga an gyara musu bitamin D. Wato ƙanwarki za ta sha kofin nono guda, amma ɗan kurɓi ne zai isa ƙashinta. Shi ya sa masu baifas kan yi asarar abin da ya kai kashi 5 zuwa 10 na ƙarfin ƙashin kwankwaso a shekarar farko kaɗai, kuma zaizayar ba ta tsayawa cak don nauyi ya daina sauka. Karaya takan fara bayyana ne bayan shekara biyu zuwa biyar, lokacin da kowa ya manta da zancen tiyata.

Ke mai silib, hanjinki yana aiki, amma abubuwa uku suna cin ƙashinki. Abincinki ya ragu ƙwarai. Tsamin tumbi, wanda ke narkar da kalsiyam da ayon, shi ma ya ragu, kuma masu silib sun fi fama da ƙwannafi, sai su lizimci maganin ƙwannafi na omefirazol wata da watanni, tsamin ya ƙara raguwa. Na ukun ya shafe ku duka: ƙashi yana ƙarfi ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka. Kin sauke kilo talatin ko arba'in, ƙashi ya ga kaya sun ragu, sai shi ma ya rage gini. Asararki ba ta kai tata ba, amma asara ce.

Mu dawo kan gwajin jininki, domin shi ya fi tsaya mini a rai. A wuyanki, jikin maƙoshi ta baya, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu da ke fitar da sinadarin da ake kira PTH. Aikinsu shi ne kada kalsiyam na jini ya sauka, domin zuciya da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Da zarar abinci ya gaza kawowa, sai PTH ya tashi ya je ya kwaso daga ƙashi ya zuba a jini. Jini zai nuna lafiya lau, ƙashi kuwa ana ta yasarsa. Kamar gara ce a cikin azara: ki duba rufin ɗaki ki ga komai daidai, sai ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi.

Haka ta faru da yayata. A ƙasar waje aka yi mata aikin, aka sallame ta da kwali guda na magunguna da takarda ɗaya, babu wanda ya ce mata shan nan na har abada ne. Da suka ƙare, tana jin ƙarfinta, kaya sun yi mata kyau, sai ta bari. A shekara ta huɗu, ta zame a tsakar gida wajen alwala, ta dafa ƙasa da hannu, faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Tsintsiyar hannunta ta karye. Ina riƙe da takardun gwajinta a asibiti: kalsiyam na jini daidai, PTH ya haura, bitamin D a ƙasa. Har yau idan za ta ɗauki tukunya da hannun sai ta tallafa da ɗayan.

Saboda haka ki koma wurin likita ki nemi a gwada PTH da bitamin D na jini, a kuma yi miki hoton auna ƙarfin ƙashi, wanda ake kira DEXA. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, manyan asibitocin koyarwa da wasu cibiyoyin hoto masu zaman kansu za ki tambaya. Ƙanwarki kuwa, in da hali, a yi mata kafin aikin, a maimaita bayan shekara biyu, don a sami abin kwatantawa.

Batun kalsiyam ɗin da za ku sha, adadin ɗaya ne gare ku. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, ASMBS, ta sa miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana ga mai silib da mai baifas, a haɗa na abinci da na ƙwaya. Inda kuka rabu shi ne irin kalsiyam ɗin. Iri biyu ne a kasuwa. Kabonet shi ne mai araha, shi ya cika kemis ɗinmu, amma ba ya narkewa sai da tsamin tumbi. Sitiret ya fi tsada, ya fi wuyar samu, ƙwayarsa ƙatuwa ce, amma ba ruwansa da tsami. Ga ƙanwarki, sitiret ne zaɓi, domin 'yar jakar nan kusan ba ta da tsami, kuma yana rage mata haɗarin tsakuwar ƙoda, wadda ta fi kama masu baifas. Ke ma shi ya fi miki, musamman in kina kan omefirazol. In bai samu ba, ki sha kabonet a tsakiyar cin abinci, kada ki sha shi da wofin ciki.

Ki ɗauko kwalbarki yanzu ki juya bayanta. Sau da yawa mata kan miƙo mini kwalba suna cewa ai dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin suke sha. In na sa yatsa a kan ƙananan rubutun sai mu ga 1,250 ɗin nauyin gishirin kabonet ne, ainihin kalsiyam ɗin da ke ciki 500 ne kacal, domin kashi 40 ne kawai na kabonet yake kalsiyam. Na sitiret ma kashi 21 ne. Ki nemi kalmar elemental a jikin kwalbar, lambar da ke gefenta ita ce ta gaskiya. Sannan hanji ba ya karɓar fiye da 500 zuwa 600 a lokaci guda, don haka a raba shi sau biyu ko uku a yini.

Kada ki ɗauka abincinmu zai cike giɓin shi kaɗai. Binciken da aka yi a Jos kan yara masu lanƙwasassun ƙafafu, aka wallafa a 1999, ya gano abin da suke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne kacal a rana, kuma kalsiyam ne ya fi warkar da su a kan bitamin D shi kaɗai. Tuwon hatsi ba shi da kalsiyam na kirki. Yawancin mutanenmu da ƙaramin jarin kalsiyam suke shiga ɗakin tiyatar tun farko. Kindirmo, nono, cuku, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake taunewa har ƙaya, duk suna taimakawa, kuma tunda cikinku ba ya ɗaukar da yawa, su za a fara ci kafin tuwo.

Bitamin D kuwa, ku biyun raka'a 3,000 na D3 a rana, har sai gwajin jini ya haura nanogiram 30 a kowace mililita. Na san za ki ce ga rana tana dukanmu. Baƙar fata tana jinkirin haɗa shi, mace mai zama cikin gida ko fita a lulluɓe ba ta samun abin da ake zato, kuma kitse yana ɓoye shi.

Sauran sinadaran zan bi da sauri, ban da guda ɗaya. Ayon: mace mai al'ada tana buƙatar miligiram 45 zuwa 60 a rana a kowanne daga cikin ayyukan biyu, amma mai baifas ce ta fi kaiwa ga sai an ba ta ta jijiya. A bar awa biyu tsakaninsa da kalsiyam, kuma kada a kora shi da shayi. Bitamin B12: maikurogiram 350 zuwa 1,000 a rana, ko allurar 1,000 a wata. Hanta tana da ajiyar shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ke zuwa a makare, da jin tsikari a tafin ƙafa da mantuwa. Kada ki ɗauka na masu baifas ne kawai, domin ɓangaren tumbin da aka cire miki yana cikin masu fitar da sinadarin da ke taimaka wa tsotsarsa. Furotin aƙalla giram 60 a rana.

Wanda ba zan bi da sauri ba shi ne bitamin B1. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce mako biyu zuwa uku ba. Idan ƙanwarki ta dawo daga tiyata tana ta amai kwana da kwanaki, ta fara tangaɗi, ko gani biyu-biyu, ko rikicewar magana, a kai ta asibiti a daren, kuma a faɗa musu da babbar murya cewa an yi mata tiyatar ƙiba, a ba ta B1 kafin a ɗaura mata ƙarin ruwa mai suga. Ruwan suga ba tare da shi ba yana iya ƙarasa lalata ƙwaƙwalwa, kuma wani lahanin ba ya gyaruwa. Wannan ya shafi mai silib ma, duk sanda amai ya ƙi tsayawa.

Ciwon bayan nan naki, na san abin da yawancinmu ke yi: a aiki yaro kemis ya sayo dikulofenak ko ibufurofen. Ga ƙanwarki wannan ƙofa ta rufe, domin suna haddasa gyambo a daidai mahaɗar ɗinkin, har ya huda ko ya yi jini. Ke ma kada ki sha sai da izinin likitanki. Farasitamol ya fi muku aminci. Haka in DEXA ya nuna ƙashi ya riga ya zaizaye: ƙwayar alendironet da ake ba tsofaffi ba ta dace da mai baifas ba, kuma mai ƙwannafi ma takan wahala da ita. Likitoci sun fi son ruwan zoledironet ta jijiya sau ɗaya a shekara, kuma ba a sa shi sai an fara cike bitamin D da kalsiyam, in ba haka ba kalsiyam na jini ya faɗi warwas.

Ki kuma ba ƙashinki aikin yi. Tafiya tana da kyau amma ba ta isa ba. Ki cika gorar ruwa biyu ki riƙa ɗagawa, ki tashi daga kujera ki zauna sau goma ba tare da dafawa ba, ki hau matakala, sau biyu ko uku a mako. Amma ki bari a duba bayan tukuna. In ciwon ya zo farat ɗaya a wuri guda, ko kin lura tsayinki ya ragu, ƙashin gadon baya na iya zama ya lotsa, kuma wannan hoto yake buƙata a makon nan.

Ƙanwarki in tana son haihuwa, ta jinkirta wata 12 zuwa 18 bayan aikin. Azumin shekarar farko kuma ta tambayi likitanta, ta tambayi malami, kada ta yanke wa kanta hukunci don kunyar mutane. Ke da kika wuce wannan matakin, in likita ya yarda miki, ki sha kalsiyam ɗaya da buɗa baki, ayon bayan an sauko daga tarawih, kalsiyam na biyu da sahur.

Ban ce ƙanwarki ta fasa baifas ba. Ga mai suga da ƙwannafi, yana da hujja mai ƙarfi, kuma silib yana iya ƙara mata ƙwannafin. Amma kafin ta sa hannu a takarda, ku zauna da maigidanta ku lissafa kuɗin sitiret da bitamin da gwajin jini na shekara guda, ku tabbatar inda za a riƙa samo su ba yankewa, kuma ta san sunan likitan da zai riƙa duba ta a nan gida bayan ta dawo. Allah Ya ba ki lafiya, Hajiya, Ya sa a yi nata a sa'a.