Tulip ɗin da ya kusa shiga miyata

Watanni goma kenan da na sayi albasar furanni wajen wata mata mai tallar su a Instagram, na ce bari in bari sai na ga ƙarshen kowanne kafin in yi magana don kar a ce na yi gaggawa. To yanzu na gani.

Abin da nake so tun farko ba wani abu ba ne, jikin katangar gidanmu a Unguwar Rimi akwai wani fili siriri da ba a sa masa interlok ba, nake son in jera furanni masu dawowa duk shekara, in riƙa yanka ina sawa a falo maimakon na roba ɗin nan masu tara ƙura. Na ɗauki haɗin da ta ke kira cikakke, tulip da amaryllis da gladiolus da wani da ta ce farin lily ne. Kuɗin kam ba sai na faɗa na tada wa kaina hawan jini ba. Aka sako min a mota daga Legas a watan Oktoba.

Tulip ɗin shi ne ya ja ni, shi ne kuma ya ci min mutunci. Kafin in tura kuɗi sai da na tambaye ta har sau biyu, zai yi a Kaduna? Ta ce Hajiya ai ku da kuke da hunturu ma kun fi mu dacewa. Sai da kaya suka iso hannuna sannan ta turo wani dogon saƙo wai in sa su a firij na sati 12 kafin in shuka. Ashe shi tulip sai ya sha sanyi na wajen digiri 5 tsawon wata uku kafin furen da ke cikinsa ya yarda ya fito, shi ya sa ya ke yi a irin su Holan inda ƙasa ke yin sanyi ƙarara, mu kuwa hunturunmu duk rawar ɗarin da muke da asuba bai kama ƙafar wannan ba, da rana kuma ga zafi. Me zai hana ta faɗa min haka kafin in biya?

Na dai sa a firij ɗin tunda an riga an saya. Firij a garin nan kuma kun san labari, a kawo wuta awa huɗu a ɗauke kwana guda, yau sanyi gobe gumi. Ta kuma ce kar in haɗa su da tuffa ko ayaba saboda iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna tana kashe furen tun yana ciki, wannan kam gaskiya ta faɗa, sai na ware musu aljihun ƙasa su kaɗai a cikin takarda. Ana nan ranar wata Asabar ƙanwar maigida da ta zo hutu ta shiga kicin za ta yi mana miya, na shigo na tarar ta ɓare biyu tana riƙe da wuƙa, ta ce Anti wannan albasar taku ba ta da yaji ko kaɗan, ko ƙwalla ba ta sa ni ba. Wallahi sai da ƙafata ta yi sanyi. Abin nan fa guba ne, shi da amaryllis duka ba a ci. Ko ɗan rubutu babu a jikin ledar da zai gargaɗi mutum, gida mai yara. Da na yi wa mai tallar ƙorafi sai ta turo min fuskar dariya.

Sauran takwas na shuka a Janairu. Biyar suka leƙo, ganye gajere kamar an danne shi, ɗaya ya yi wani ɗan ƙullutu bai buɗe ba, zafin Maris na shigowa suka kwanta. Na tono na ga sun ruɓe. Shikenan tulip.

Amma fa in zan yi adalci amaryllis ɗinta ya wanke min zuciya. Shi ɗan Kudancin Amurka ne, zafi bai dame shi ba. A Nuwamba na sa guda uku a tukwane, ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu, na bar kashi ɗaya cikin uku na kan a waje kamar yadda wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin titi ya nuna min, ya ce in na binne shi duka ruɓewa zai yi, ruwa ma kar in cika. Sati bakwai sai ga sanda ta fito, fure huɗu a kai kowanne ya kai tafin hannuna. Maigida da ke min tsiya wai na sayi albasa da kuɗin buhun shinkafa, shi ya fara ɗaukar hoto. Gladiolus kuma na jira damina, na shuka a Mayu, farkon Agusta ya fara. Sai an kafa masa kara don iskar hadari na kwantar da shi. Da sassafe nake yanka in furen ƙasa ɗaya ko biyu sun buɗe, in bar ganye huɗu a jiki don kan ya samu abincin baɗi, yana yin sati a ruwa sauran na buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Har na fara cewa a raina to matar nan ba laifi, zan ƙara saya.

Sai na tuna ja na ce ta ba ni a gladiolus ɗin, duka goma sha biyun ruwan ɗorawa suka fito. Na yi shiru da wannan. Sannan farin lily. Shi na fi lallaɓawa, na ba shi wuri mafi kyau kusa da get, ya yi ganye zara-zara ya yi fure fari mai jan layi a tsakiya, ina ta murna. Hajiya surukata ta zo daga Zariya, tana sauka daga mota ta tsaya ta dube shi ta ce 'yar nan, wa ya kawo miki albasar kwaɗi cikin gida? Na ce Hajiya lily ne daga waje. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce fadamar garinsu cike take da shi da damina, ko awaki ba sa kula shi. Wato abin da ke fitowa kyauta a bayan gari shi aka naɗe min a leda mai ƙyalli, har na biya masa kuɗin mota daga Legas.

Kyau dai yana da kyau, ban cire shi ba. Na tura wa mai tallar hoton da abin da Hajiya ta ce tun sati uku da suka wuce, ta buɗe ta gani, har yau ba amsa, amma jiya na ga ta sake ɗora tallar tulip wai sabon kaya ya iso.