Zanen da ya tsayar da ni a gidan tarihi na Warsaw

Ranar Talata na je Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Warsaw, babban birnin Poland, saboda a ranar ba a biyan kuɗin shiga ɗakunan da ake baje kayan dindindin. Niyyata in ga zanen yaƙin Grunwald na Jan Matejko, mai faɗin kusan mita 10, in ɗauki hoto in kama gabana. Na gan shi kuwa, ya cika ido. Amma wanda ya riƙe ni kusan rabin awa wani ne daban, na Aleksander Gierymski, wanda ya zana a tsakanin 1894 da 1895 a ƙauyen Bronowice kusa da Krakow. Sunansa da harshensu Trumna chłopska, wato akwatin gawar talakan ƙauye.

Mata da miji ne zaune a ƙofar gidansu, kare kwance kusa da su. Ga ɗan ƙaramin akwatin gawa shuɗi mai alamar gicciye, girmansa kaɗai ya isa ya gaya maka yaro ne ya rasu. Ba mai kuka, ba mai kallon ɗan'uwansa. Kowa ya yi jugum.

Wannan shirun na san shi. Lokacin da ƙanena ya rasu yana ɗan shekara 3, haka mahaifinmu ya zauna a zaure bayan masu gaisuwa sun watse, ko uffan bai ce ba har aka kira magariba. Mu likkafani da makara muke yi, su akwatin katako, amma zaman iyayen iri ɗaya ne sak. Gierymski bai ƙawata talaucinsu ba, bai kuma sa su suna neman tausayin mai kallo ba, shi ya sa na yarda da shi. A lokacin ma babu ƙasar Poland a taswira, Rasha da Jamus da Ostiriya sun raba ta a tsakaninsu, masu zane da yawa suka karkata ga sarakuna da yaƙe-yaƙen da. Shi kuwa ya je ƙofar manomi ya zana rashin ɗansa.

Wurin yana da tsabta da natsuwa, kuma ba wanda ya matsa mini in yi gaba. A ɗakunan zane-zanen ƙarni na 19 na ga zanen Bociany (wato shamuwa) na Józef Chełmoński, na 1900, inda tsohon manomi da yaro suke kallon shamuwa a sama. Ya ɗan sanyaya mini rai. Ɗakin Faras, mai zane-zanen bangon coci da aka tono a Sudan, shi ma ya cancanci lokacinka.

Duk wanda hanya ta kai shi Warsaw ya ware awa uku aƙalla, kuma ya tuna ba sa buɗewa ranar Litinin. Ni kam kafin in fita sai da na sake komawa gaban iyayen nan.