Fitilar Santambul mai tulu 11 na biya, tara suka iso da ransu

Wata takwas ke nan fitilar nan tana rataye a falona, sai yau na zauna rubuta sharhinta. Da gangan na jinkirta. Da a makon da kwalin ya iso na ɗauki waya, da har wanda bai ji ba bai gani ba sai ya samu rabonsa.

Kun dai san irin fitilar da nake nufi. Ta Turkiyya mai tulunan gilashi kala-kala, waɗanda ke saukowa daga silin a jere, wani ƙasa da wani, kamar matattakala mai murɗawa. Yayata ce ta jefa min sonta. Ta je Istanbul a 2019, Santambul ɗin da kakanninmu ke faɗa, ta shiga Grand Bazaar, tsohuwar kasuwar rufin nan da aka fara ginawa tun zamanin Sultan Muhammadu Alfatih bayan ya ci birnin a 1453, mai shaguna wajen 4,000. Ta turo min bidiyon wani shago da babu komai a cikinsa sai fitilun nan, sama da ƙasa, duk a kunne. Tun ranar na ci alwashin duk lokacin da Allah ya nufa muka tare a gidanmu na kanmu, sai na rataya ɗaya a tsakiyar falo.

Da ginin ya kammala na nemi matar nan da ke kawo kayan Turkiyya ta Instagram. Ba zan kama suna ba, masu sayen labule da kafet a hannunta sun gane ta. Kuɗin ma ba sai na faɗa ba, kun san yadda dala ta mayar da mu. Adashina guda cur na juye, maigidan kuma har yau rabin kuɗin ya sani. Na zaɓi mai tulu 11, shuɗi da ruwan ganye da ɗan ratsin ja. Ta ce mako uku. Ya zama biyar, wannan ban riƙe ta da shi ba, kowa ya san halin kago.

Kwana huɗu ya rage walimar tarewa mai adaidaita ya sauke min kwalin. Tun da yaron ya ɗaga shi na ji wani ƙaras-ƙaras a ciki, kamar tsakuwa a gwangwani, gabana ya faɗi. Muka shimfiɗa bargo a tsakar falo ni da ƙanwata, muka shiga warwarewa. Kowane tulu an naɗe shi da jaridar Turkanci, sannan da ledar nan mai ƙurajen iska da yara ke son fasawa. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Har na bakwai ina hamdala, ina cewa ƙila sarƙoƙin ne ke ƙara. Na takwas ya fito a rabe biyu kamar an fafe ƙwarya. Na goma kuwa wuyansa ya ruguje gaba ɗaya, gutsattsarin suka zubo min a cinya, ɗaya ya yanke ni a ɗan yatsa. Da muka duba, su biyun ne a kusurwar ƙasa ta kwalin, babu soso ko ƙyalle tsakaninsu da bangon kwali, sai jarida falle biyu.

Nan take na kira ta. Na ce, "Anti, kaya sun iso, amma tulu biyu a fashe." Ta ja salati, ta ce, "Hajiyata, wallahi lafiya lau suka bar kasuwar Laleli ta Istanbul, 'yan kago ne ba su da imani." Na ce to, ya za a yi, jibi-jibin nan nake da baƙi. Sai ta tambaye ni wai na ɗauki bidiyo lokacin da nake buɗe kwalin? Na ce bidiyon me? Ta ce ai ƙa'idarta ke nan, idan babu bidiyo ba ta da hujjar da za ta kai wa mutanenta na can. Jama'a, na koma na karanta hirarmu tun daga sallamar farko, saƙo bayan saƙo, babu inda ta ambaci bidiyo. Lambar asusu kuwa sau uku ta turo.

Na tura mata hotuna, har da yatsana mai jini don haushi. Ta buɗe, alamar ta yi shuɗi, shiru. Washegari na sake turawa, shiru. Amma kuma ina kallonta tana ta ɗora sababbin kaya, "sun iso, masu rabo a garzayo". Wannan ya fi fashewar ƙona min rai. Gilashi ne, daga Istanbul zuwa Kano ba nan kusa ba ne, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Da ta ce min yi haƙuri, zan nemo miki, ko da wata biyu za a yi, da na karɓa hannu bibbiyu. Sai da Yaya ta kira ta da kanta, ta tuna mata kayan ɗakin 'yarta kaf a wajenta ta saya, sannan ta samu bakin cewa za ta sa a haɗo da kaya na gaba.

A bar wannan tukuna. Ga walima ta matso, ga fitila mai giɓi biyu.

Mai gyaran wutar da ya yi mana wayarin gidan ya zo, ya ɗaga ƙarfen da tulunan a hannu ya jinjina, ya kalli sama, ya girgiza kai. Ya ce, "Hajiya, wannan silin POP ne, ado ne kawai. Idan na ɗaura masa wannan nauyin, wata rana a kan wani za ta sauko." Dole ya huda silin da ko wata bai yi da fenti ba, ya hau ciki ya kafa ƙugiya a jikin katakon rufi, ya zuro sarƙa. Ina tsaye farin gari yana zuba a kan sabon kafet ɗina. Wannan ma mai sayarwa ba ta faɗa min ba, kuma duk mai shirin saye ta tanadi ƙugiyar tun kafin a rufe silin. Sai maganar ƙwai. Holdojin ƙanana ne, masu ɗaukar siririn ƙwai mai murɗi da ake kira E14, mu kuwa duk gidan E27 ne, manyan da aka saba. Babu ko ɗaya a cikin kwalin. Sai da ya hau babur zuwa France Road ya nemo. Shi ya ba ni shawarar LED mai ruwan ɗorawa, ya ce tsohon ƙwai mai zare zafinsa na iya sassauta gam ɗin da ya riƙe gilasan, farin haske kuma yana kashe kalar. Abu ɗaya da bai ba mu wahala ba shi ne ƙarfin wuta, nasu da namu duk 230 ne, ba a buƙatar wata na'ura a tsakani.

Sarƙoƙi biyun da babu tulu ya cire su, ya naɗe wayoyin ya tura ciki, ya ɗan gyara tazarar sauran don kada giɓin ya fito fili. Ni dai ina gefe, raina a jagule, ina lissafin adashina.

Ana kiran magariba ya ce a kashe sauran fitilun, ya danna makunni.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Farin silin nan da nake jin haushin an huda, gaba ɗaya ya rine. Taurari shuɗaye da kore suka bazu a kansa, suka gangaro bango, har kan fuskar ƙanwata da farar rigar mai gyaran. Da iskar fanka ta taɓa tulun ƙasa sai duk zanen ya shiga lilo a hankali kamar inuwar ganye a kan ruwa. Autana da ke rarrafe ya bi wani jan ɗigo a kan tayil yana son kamawa. Bidiyon Yaya bai nuna rabin wannan ba. Ranar walima surukata, wadda ban taɓa jin ta yaba ko da labule ba tun da na shigo gidansu, ta zauna a kujera ta ɗaga kai ta daɗe, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, kashe min waccan farar in ga wannan da kyau." Babu wanda ya ƙirga tulunan. A daren nan na ce a raina na yafe wa Anti duniya da lahira.

Yafiyar ba ta yi ƙarko ba. Bayan mako bakwai tuluna biyun suka iso, wannan karon na kafa waya na ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif. Lafiya lau suka fito. Sai dai ruwan lemo ne da fari, nawa kuwa shuɗi da kore. Na ce ba komai, a sa su a can sama. Mai gyara ya zo ya gwada, wuyansu ya fi bakin murfin ƙarfen faɗi, ko kusa ba su shiga. Na wata fitilar ce daban aka kwaso. Na kira ta, sai cewa ta yi, "Ai Hajiyata aikin hannu ne, ba a samun biyu iri ɗaya."

Wannan maganar ta ba ni haushi ne don akwai gaskiya a cikinta, an kuma ɗauke ta an rufe ƙarya da ita. Na zauna da fasasshen tulun na ƙare masa kallo, na ga yadda aka yi shi. Daga ciki tulu ne na farin gilashi garau. A bayansa aka bi da 'yan gutsattsarin gilashi masu kala, an yanka su ƙanana, wasu masu kusurwa uku wasu huɗu, an manna ɗaya bayan ɗaya har suka ba da tauraro, aka cike tsakaninsu da ƙananan duwatsun ado irin na kwalliyar mayafi. A wani wajen har shatin yatsan mai aikin ana gani a jikin gam. A tara ɗin da nake da su babu tauraro biyu da suka yi daidai, wani ya karkace, wani ƙafarsa guda ta fi tsawo, kuma wannan ne ma ya sa nake son su. Amma faɗin wuya awo ne, da ma'auni ake yin sa. Ba hannun mai manna gilashi ne ya mayar da shuɗi ruwan lemo ba.

Tun da raina ya sake ɓaci sai na shiga tono. A tallarta ta rubuta wai gilashin Murano ne. Ƙanin maigidan, da ya san harkar gine-gine, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce Murano tsibiri ne a Venis ta ƙasar Italiya, tun 1291 hukumar birnin ta kwashe masu narka gilashi ta mayar can don tsoron gobara, su kuma aikinsu da wuta ne, a hura gilashi a lanƙwasa shi tun yana da zafi, ganye da fure duk a jikinsa, babu ruwansu da gam. Ya ce da ta can ce, adashi uku ma ba zai sayo ta ba. Ni ban ma san Murano ba balle in saya dominsa, to me ya kawo ƙaryar? Sannan ta ce min ƙarfen tagulla ne zalla. Rannan babban ɗana yana wasa da mayen ƙarfen da ke manne a ƙofar firji, ya kai shi jikin sarƙar da aka cire, ɗaf ya kama. Tagulla ba ta kama mayen ƙarfe. Baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan tagulla, kuma tun da damina ta wuce na fara ganin ɗigon tsatsa a murfi biyu.

Har tunanin aika fasasshen Bida na yi, wajen mutanen Masaga da ke narka kwalabe suna yin awarwaro da tsakiya, ko za su huro min farin tulu daidai awo in zauna in manna gutsattsarin da kaina. Maigidan ya ce kuɗin mota ya fi kuɗin tulun, in rufa masa asiri.

Sai hunturu ya shigo. Wadda ke zaune a Kano ta san ƙurar da nake nufi. Mako biyu tulunan suka yi furfura, hasken ya dushe kamar an rufa musu gyale. Yarinyar da ke taya ni aiki ta hau tebur da jiƙaƙƙen tsumma, kafin in ankara duwatsun ado sun fara zubowa a tayil, tas-tas, na kusa shiɗewa don autana komai baki yake kaiwa. Yanzu ni da kaina nake yi, duk ranar Asabar, da busasshen burushin fenti mai laushi, tulu bayan tulu, wuyana ya ƙage. Kuma kada wadda ta saya da niyyar haska ɗaki. Tara ɗin nan duka a kunne, yara ba sa iya karanta allo a ƙarƙashinta, sai an ƙara da farar fitila. Abin kirki dai ba ta cin wuta, ko a kan inbata muke barin ta har a kwanta.

Idan taurari ake bayarwa, fitilar ta ci huɗu, tsatsar nan ce ta cinye na biyar. Mai sayarwa kuwa ko ɗaya ban ga dalilin ba ta ba, har yau kuɗin tulu biyu na hannunta, ta ce wai ai ta musanya. Masu ruwan lemon suna nan a kan kabad, na jefa musu 'yar fitila mai batir a ciki, baƙi na ɗauka da ma haka aka tsara.

Ƙanwata da muka buɗe kwalin tare, wadda da idonta ta ga jinina a kan jarida, bikinta bayan babbar salla ne. Jiya ta turo min saƙo wai in ba ta lambar Anti, mai tulu bakwai take so a ɗakinta. Na buɗe, alamar ta yi shuɗi, ban ba ta amsa ba tukuna.