NAT ko Bridged: wanne za ka riƙe idan intanet ya ƙi shiga kwamfutar da ke cikin kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin VirtualBox, manhajar da ke tada kwamfuta a cikin kwamfuta, a kan laftof ɗinka mai Windows. Laftof ɗin tana buɗe komai lafiya lau, amma Ubuntu ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Wani ya ba ka shawara ka sauya daga NAT zuwa Bridged, ka sauya, abin ya ƙara dagulewa, shi ne kake tambayar wanne ne daidai. Ni dai shawarata ka koma NAT, ka fara neman cutar daga can.

Mu kira laftof ɗinka mai masauki, Ubuntu kuma baƙo. A tsarin NAT baƙo ba ya leƙa waje ko kaɗan. Duk abin da yake so sai ya aiki mai masauki, shi ya je ya karɓo masa. Rautar gidanka ba ta ma san da zamansa ba, kwamfuta ɗaya take gani. VirtualBox ne da kansa yake ba baƙon adireshi, kuma in ba ka taɓa saitin ba, 10.0.2.15 ne, ƙofar fitarsa 10.0.2.2, mai fassara masa sunayen shafuka kuma, wato DNS, 10.0.2.3. A tsarin Bridged kuwa baƙo na fita da ƙafarsa, ya tsaya gaban rauta ya nemi adireshin kansa, kamar yadda wayarka ke yi. In laftof ɗin ta samu 192.168.1.5, shi sai ya samu irin su 192.168.1.9.

Nan ne bambancin lalacewarsu yake. NAT in ya lalace, laifin yana cikin kwamfutarka, hannunka na iya kai wa gare shi. Bridged in ya lalace, sau da yawa laifin yana wurin da ba ka da iko.

Don haka kafin ka sake taɓa komai, buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, a Ubuntu ka rubuta ip a, ka dubi lambar da ta fito. Baƙon Windows ne? To ipconfig. In kana NAT ka ga 10.0.2.15, igiyar tana haɗe. Sai ka rubuta ping 8.8.8.8, umarnin da ke gwada ko adireshi zai amsa; wannan adireshin DNS na Google ne. In ya amsa amma ping google.com ya ƙi, intanet na nan, fassarar suna ce ta mutu. Wannan ita ce cutar NAT da aka fi gani, musamman in ka ɗauki laftof daga wata hanyar sadarwa zuwa wata baƙon yana kunne, ko ka kunna VPN a kan mai masauki. Yawanci kashe baƙon a sake tada shi ya wadatar. In ta ci gaba da dawowa, kashe shi gaba ɗaya, ka ba da wannan umarni a Windows, ka sa sunan baƙonka a tsakanin alamun:

VBoxManage modifyvm "Ubuntu" --natdnshostresolver1 on

Daga nan duk sunan da baƙo ya tambaya, mai masauki ne zai fassara masa da abin da shi kansa yake amfani da shi.

In kuwa babu adireshi sam, shiga saitin Network na baƙon a VirtualBox, ka buɗe Advanced, ka duba ko akwatin Cable Connected na da alama. Kada ka raina wannan. Na taɓa ɓata yamma guda ina sake rubuta saitin DNS, ashe ɗan akwatin nan ne ba shi da alama. Ka kuma tabbata ba Host-only, tsarin da ke haɗa baƙo da mai masauki kawai, aka zaɓa ba: in ka ga adireshi mai farawa da 192.168.56, shi ne, kuma dama ba a yi shi don fita intanet ba.

Bridged fa, me ya sa ya ƙi maka? Zato na farko, ƙarƙashin inda ka zaɓi Bridged Adapter akwai layin Name, inda ake nuna katin da za a bi. Mutane da yawa kan bar shi a kan katin igiya alhali da Wi-Fi suke haɗe. Gada ce aka gina zuwa inda ba kowa. Alamarta a baƙon Windows adireshi mai farawa da 169.254, wanda kwamfuta ke ƙirƙiro wa kanta in ta yi ta kira ba wanda ya ba ta. Na biyu, Wi-Fi da Bridged dama zaman doya da manja suke yi. Kowane kati yana da lambar shaidarsa, MAC, kuma rauta ba ta karɓar saƙo ta iska daga lambar da ba ta yi rajista da ita ba. Dabarar VirtualBox ita ce ya lulluɓe saƙon baƙo da lambar mai masauki. Wata rautar ta yarda, wata ta ƙi. A ofis ko makaranta ko otal, inda sai ka shigar da kalmar sirri a wani shafi, ko inda aka ƙayyade na'urorin da za su shiga, ba sai an faɗa ba: baƙon da ba a san shi ba a ƙofa zai kwana. NAT bai san wannan wahalar ba, tunda a inuwar mai masauki yake tafiya. Haka ma VPN: baƙon NAT yana bin ta ciki, na Bridged yana kewaye ta, abin da ya kamata mai son ɓoye zirga-zirgarsa ya sani.

Ba wai Bridged ba shi da rana ba. In kana son wayarka ko wata kwamfuta a gidan ta iso ga baƙon kai tsaye, misali kana gwada shafin da kake ginawa, shi ne mafi sauƙi, kuma a kan igiya ba ya cika ba da matsala. Sai dai in ka kwafi baƙo ɗaya ya zama biyu, ka sabunta lambar MAC ta ɗayan, in ba haka ba su yi ta ƙwace wa juna adireshi. A NAT kowa na ɗakinsa, duka 10.0.2.15 suke, ba sa ma ganin juna. In kana son su gaisa, NAT Network za ka zaɓa.

In VMware, wata manhaja irin VirtualBox, ka koma wata rana, labarin ɗaya ne da wasu sunaye: VMnet8 shi ne NAT, VMnet0 Bridged. Can abin dubawa na farko shi ne ko VMware NAT Service da VMware DHCP Service suna gudana a Windows.

Kai kuwa ba ka ce wani na waje zai shigo wurin baƙonka ba. In SSH kawai kake so daga laftof ɗinka, wato ka riƙa ba baƙon umarni daga tagar Windows, zauna a NAT, ka shiga Port Forwarding a ƙarƙashin Advanced, ka haɗa ƙofa (port) mai lamba 2222 ta mai masauki da ƙofa 22 ta baƙo, ka tabbata ka girka openssh-server a Ubuntu, sannan ka shiga ta 127.0.0.1, adireshin da laftof ke kiran kanta da shi, a kan 2222. In ka gwada duk wannan bai yi ba, turo mini abin da ip a ya nuna maka da sakamakon ping ɗin nan biyu.