Bubbugar EFT ko rungumar malam-buɗe-littafi, wanne zaki kama?

'Yar uwa da kika yi tambaya cewa tunda 'yan bindiga suka tare motarku a hanya gabanki yake yawan faɗuwa, bacci baya zuwa, kuma kinga hanyoyin bubbuga jiki kala biyu a TikTok kin rasa wanne zaki bi, da farko sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Abubuwan nan biyu sunyi kama a ido amma asalinsu daban, aikinsu ma daban.

Ta farko itace EFT, wato bubbuga wasu wurare a jiki da yatsu dan rage damuwa. Wani Ba'amurke Gary Craig ne ya fito da ita wajen 1995, injiniya ne ba likita ba, ya koya daga wani masanin halayyar ɗan Adam, Roger Callahan, sai ya sauƙaƙa. Zaki fara auna damuwarki daga 0 zuwa 10, sai ki dinga bubbuga gefen tafin hannu kina faɗin abinda ke damunki da bakinki, misali "duk da gabana yana faɗuwa in na tuna hanyar nan, na karɓi kaina a yadda nake", daga nan da yatsu biyu ki bi tsakiyar kai, farkon gira, gefen ido, ƙasan ido, ƙasan hanci, haɓa, ƙashin ƙasan wuya da ƙasan hammata, kowanne kamar sau bakwai, sai ki sake aunawa ki gani ko lambar ta sauka. Masu ita suna cewa wuraren nan hanyoyin kuzarin jiki ne irin na likitancin Sinawa, wannan bayanin kam kimiyya bata tabbatar dashi ba, duk da akwai binciken da ya nuna mutane suna samun sauƙin fargaba in sunyi.

Ta biyun kuma, wato rungumar malam-buɗe-littafi, wata mai suna Lucina Artigas ce ta ƙirƙiro ta a Meziko, lokacin da suke aiki da waɗanda guguwar Pauline ta 1997 ta ɗaiɗaita a garin Akapulko, mutane sunyi yawa ga yara, ba yadda za'ayi a zauna da kowa ɗaiɗai, shine aka koya musu suyi da hannunsu. Ki gicciya hannuwa a ƙirji, yatsu suna ƙasan ƙashin wuya, ki dinga taɓawa dama hagu dama hagu a hankali kina numfashi mai tsawo. Shikenan. Ba haddar wurare, ba magana. Ita reshe ce ta maganin EMDR na Francine Shapiro, wato maganin firgici da ake yi da motsa ido ko taɓa jiki dama da hagu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin shawarwarinta na 2013 akan ciwon firgici bayan bala'i, amma dan Allah a kula, abinda suka amince dashi shine cikakken maganin a hannun ƙwararre, ba rungumar ita kaɗai ba.

To inda suka rabu da gaske, kuma nan nake so ki tsaya ki duba, EFT tana sa ki kira sunan abin. In damuwar jarabawa ce ko intabiyu ko faɗan gida wannan ba matsala, yana ma taimakawa mutum ya furta. Amma ke bindiga kika gani, ki zauna ke kaɗai a ɗaki ƙarfe biyun dare kina maimaita abinda ya faru, wallahi zai iya dawo miki da komai sabo fil, kamar ɓare ɓawon gyambo ne babu magani a kusa. Rungumar bata buƙatar ki tuno komai, zaki iya yinta kina tuna wurin da hankalinki yake kwanciya, ko kina azkar ɗinki, kuma a cikin hijabi ko a mota ba wanda ma zai lura. Ita ma da sharaɗinta, a hankali kuma a taƙaice, taɓawa shida zuwa takwas kowane gefe sai ki tsaya ki ji jikinki, in kika yi da sauri kika daɗe tana iya buɗe tunanin da kike gudu. In kika ji abin yana ƙaruwa ki daina, ki buɗe ido, ki taka ƙasa da ƙafa, ki kira sunan abubuwan da kike gani a ɗakin.

Ni a halin da kike ciki rungumar zan ce ki fara da ita, EFT ki ajiye ta wa ƙananan damuwoyin yau da kullum.

Amma in abin ya wuce wata ɗaya, kina mugun mafarki, kina gudun shiga mota, ƙarar salansa ko rufe ƙofa yana razana ki, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa, to bubbuga bata isa ba 'yar uwa, ki ga likita, shi tunanin cutar da kai ma kar ki jira wata, yau ki faɗawa wani naki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Sokoto, a Kano akwai na Dawanau da sashen da ke Asibitin Malam Aminu Kano, zuwa can ba wai an haukace bane. Ki kuma roƙa a duba miki jini da maƙoshi, dan ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato ƙwayar nan ta cikin maƙoshi mai kawo maƙoƙo, suma suna sa zuciya bugawa da sauri.