Farfela bayan ɗaga mota: sabon kuros ko dabul kardan?

Alhaji ka ce tunda ka ɗaga Land Cruiser ɗinka rubu'u (ƙaramar nan mai ƙofa biyu) da inci 3 take karkarwa in ka ɗau gudu a hanyar Usfan kusa da Jidda, wai kuros (mahaɗin nan mai siffar giciye da ke kowane ƙarshen farfela) za ka canza ko farfela gaba ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin giyabos zuwa tayoyin baya. To abin da ya faru shi ne giyabos ya bi bodi sama, bakaksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, yana nan inda yake, sai farfela ta ƙara karkacewa, kuma rubu'u gajeruwa ce ba kamar shas, doguwar nan mai buɗaɗɗen baya, ba, farfelarta gajera shi ya sa abin ya fi cinta.

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya shiga ƙarƙashin motar ka kama farfelar ka girgiza, in ka ji tana wasa ko ka ga jar ƙura kamar garin tsatsa a bakin kuros to ya bushe ya gama.

Canza kuros shi ne mai sauƙin kuɗi, kowane bakanike a sana'iyya, wato unguwar gareji, zai yi maka, amma shi kaɗai ba ya magani wallahi, sai an sa siririn ƙarfen nan mai tudu a gefe ɗaya tsakanin sufirin da bakaksul don karkatar kuros na gaba da ta na baya su zo daidai, in ba haka ba sabon ma cinyewa zai yi ka sake dawowa. Ga inci 2 ko mota doguwa yawanci wannan ya isa.

Dabul kardan kuwa kuros biyu ne haɗe a ɓangaren giyabos, ɗaya na kashe karkarwar ɗaya, ya fi tsada nesa ba kusa ba kuma saitinsa daban, shi so yake bakin bakaksul ya kalli giyabos kusan kai tsaye, kanikawa da yawa nan suke kuskure su ce kayan ne ba kyau. Ƙwallon tsakiyarsa kuma na son giris, musamman mu masu shiga rairayi.

Ni dai a rubu'u mai inci 3 dabul kardan zan sa, a yi masa balans. Farfelar tashlih, wato inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa, kada ka saya don Allah, irin taka ce tsawo ɗaya, ba abin da za ta canza. Ka sa a duba haƙoran da farfelar ke zamewa a kai ma, ɗagawar tana zaro su waje.